Ɗigon da aka kora da tiyon da ya gaje shi

Duk jirgin ruwan da injinsa ke zaune a cikinsa yana da rami guda da aka huda da gangan a ƙasan ruwa. Ta wannan ramin ne sandar ƙarfe ke fitowa daga inji, ta ratsa jikin jirgin, ta kai ga farfelar da ke tura shi gaba. Sandar tana juyawa sau ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu, a minti guda, kuma ana son ta juya ba tare da teku ya biyo ta ya shigo ba. Jiragen da aka fi gani a Kwara da Binuwai da tafkin Kainji ba su san wannan matsala ba, domin injinsu a waje yake rataye, a bayan jirgi. Matsala ce ta jiragen kamun kifi, da na sintiri, da na ja, da dubban ƙananan jiragen shaƙatawa da ke cike da tasoshin Amurka da Turai.

A 'yan shekarun nan masu irin waɗannan jirage da yawa sun cire tsohon matoshin ramin, wanda ke ɗigar da ruwa, sun sa sabo da ake tallarsa da sunan marar ɗiga. Ra'ayina shi ne sunan ya ɓatar da mutane. Sabon matoshin bai rabu da buƙatar ruwa ba ko kaɗan. An dai ɗauke ruwan daga inda ido ke ganinsa, an mayar da shi cikin wani siririn tiyo da ba kowa ke waiwaya ba. Wanda ya sayi matoshin bai ɗauki wannan tiyo da muhimmancin da yake bai wa jikin jirgin ba, tsugune ba ta ƙare masa ba, ya sayar da kare ne ya sayi biri.

Aikin da ɗigo yake yi

Tsohuwar dabarar mai sauƙi ce. Ana naɗa zobba na igiyar kittani da aka jiƙa da kitse ko kakin zuma a jikin sandar, a tura su cikin wani gida na tagulla, a matse da babban noti. Igiyar tana rungumar sandar, ta hana ruwa wucewa. Amma gogar igiya da ƙarfe mai juyawa tana haifar da zafi, don haka ba a matse notin har ƙarshe. Ana barinsa ta yadda idan sandar na juyawa, ɗigo kaɗan zai riƙa faɗowa a kowane minti, idan kuma ta tsaya, ɗigon ya tsaya ko ya kusa tsayawa.

Wannan ɗigo yana ayyuka uku a lokaci guda. Yana kwashe zafi, yana sa santsi tsakanin igiya da ƙarfe, sannan yana ba da labari. Matuƙin da ya leƙa ya ga ɗigo ya ƙaru ya san igiya ta fara cinyewa, sai ya ƙara matse noti. Idan ya ga ɗigo ya ɗauke, ya taɓa gidan tagullar ya ji zafi, ya san ya matse fiye da kima, sai ya sassauta. Lalacewar tsohon matoshi a hankali take zuwa, cikin makonni ko watanni, kuma tana sallama kafin ta shigo.

Dogaro da ruwan waje wajen kare sandar farfela ya daɗe. A farkon zamanin jiragen tururi masu farfela, mazaunin sandar da ake yi da ƙarfe yakan cinye da wuri, ruwa ya riƙa kwarara ciki. A 1854 injiniyan Ingila John Penn ya kawo mafita: ya jera sassan wani itace mai tsananin tauri da maiƙo, wanda ake samowa daga yankin Karibiyan, a cikin mazaunin, ya bar ruwan teku yana ratsa tsakaninsu. Yau ƙananan jirage suna amfani da bushin roba mai kwaruruka a madadin itacen, amma hikimar ɗaya ce: ruwa ne man wurin.

Sai dai ɗigo yana da aibinsa, kuma bai kamata a ɓoye ba. Ruwan gishiri da ke taruwa a gindin jirgi yana kawo tsatsa da wari da danshi. Famfon kwashe ruwa yana cin batir. Igiyar da aka matse da yawa tana yi wa sandar zobe a jiki, sandar kuwa tsada gare ta. A jirage da dama notin yana can ƙarƙashin inji, inda sai mutum ya kwanta rub da ciki kafin hannunsa ya kai. Wanda ya nemi rabuwa da wannan wahala yana da hujja.

Yadda sabon yake aiki

Matoshin da ba ya ɗiga iri biyu ne. Na farko fuskoki biyu ne masu sulɓi da ake haɗawa. Zoben ƙarfe marar tsatsa yana ɗaure a jikin sandar yana juyawa tare da ita, zoben kabon kuma yana tsaye wuri guda, wata roba mai naɗe-naɗe kamar zugazugin maƙeri tana tura shi ya manne wa na ƙarfen. Wanda ya fi shahara a wannan rukuni shi ne PSS, na kamfanin PYI da ke jihar Washinton a Amurka. Na biyu leɓen roba ne da ke rungumar sandar kai tsaye, kamar sil ɗin da ke hana baƙin mai zuba a injin mota. SureSeal na kamfanin Tides Marine da baƙar robar Volvo Penta suna cikin wannan rukuni.

Duk manomin rani ya san nau'in farko, ko da bai taɓa ganin teku ba. Shi ne sil ɗin da ke cikin injin ban-ruwa, tsakanin inji da gidan famfo. Dalilin da ya sa ake ɗura wa famfon ruwa kafin a tayar da shi bai tsaya ga taimaka masa ya ja ruwa ba. Fuskokin sil ɗin suna yawo ne a kan wani ɗan siririn shafi na ruwa da ido ba ya gani. Idan aka bar injin yana gudu a bushe, fuskokin sai su goga juna kai tsaye, su yi zafi, kabon ya ƙone ko ya tsage, robar ta lalace, daga ranar famfo ya fara yoyo. Abin da ke faruwa a gindin jirgi ke nan, da bambanci guda: manomi asarar sil ya yi, mai jirgi kuwa abin da ya lalace shi ne kaɗai ke tsakaninsa da teku.

Ruwa ya fi iska ɗaukar zafi sau fiye da ashirin. Saboda haka muddin bututun da sandar ke ratsawa a cike yake da ruwa har zuwa bayan fuskokin, zafin gogar yana tafiya da kansa. Da zarar iska ta maye gurbin ruwan, zafin ba shi da mafita.

Hanyoyin da ruwan ke ɓacewa

Mai karatu zai iya tambaya: abin da ke ƙarƙashin ruwa, yaya za a yi ya bushe? Ta hanyoyi uku aƙalla.

Na farko, iska mai maƙalewa. Sandar farfela a karkace take, ƙarshenta na ciki ya fi na waje tudu, matoshin kuma yana can a ƙarshen da ke sama. Idan aka fitar da jirgi tudu don gyara, ruwan bututun yakan zube. Ranar da aka mayar da shi, ruwa yana shigowa daga ƙasa, ya tura iskar sama, ta taru daidai inda fuskokin suke, kamar kofin da aka kifa cikin bokiti. Shi ya sa ake umartar masu robar Volvo su matse leɓenta da yatsa bayan kowace saukarwa, har iska ta fita ruwa ya biyo. Masu nau'in fuska biyu kuwa sukan ja zoben kabon baya kaɗan har ruwa ya feso. Kumfar da farfela ke yi idan an sa giyar baya da ƙarfi, ko kumfar mai nutso da ke wanke ƙasan jirgi, ita ma tana iya hawa ta taru a wurin ba tare da kowa ya sani ba.

Na biyu, gudu. Idan jirgi ya yi sauri, ruwan da ke wucewa ta bakin bututun yana zuƙe wanda ke ciki. Kamfanin PYI ya sa iyakar a not 12, wato kimanin kilomita 22 a awa. Jirgin da ke wuce haka ba zai dogara da ruwan da ke shigowa da kansa ba.

Na uku, tsayawar ruwa. A wasu jirage akwai bushin roba a cikin bututun, dab da matoshin, wanda ke taƙaita shigowar ruwa. Ruwan da ke tsakani sai ya zama kamar na kududdufi, ya ɗumama, iskar da ke cikinsa ta ƙare. Ƙarfe marar tsatsa kuwa da iskar oksijin yake gina fatar da ke kare shi, idan ya daɗe cikin ruwan gishiri marar motsi sai ya fara ramuka a ɓoye.

Ina za a ɗebo ruwan?

Amsar duka ukun ɗaya ce: ɗan bakin da aka yi a jikin matoshin don a sa tiyo. Abin da za a yi da ɗaya ƙarshen tiyon shi ne inda shawara take, kuma a nan ne ake yawan kuskure.

Ga jirgi mai tafiyar hankali, kamar jirgin filafilai ko na kamun kifi marar gudu, ya isa a ɗaga tiyon sama a bar bakinsa a buɗe. Iska za ta fita ta nan, ruwa ya hau ciki har daidai tsayin ruwan waje ya tsaya. Sharaɗin shi ne bakin ya kai kamar ƙafa biyu sama da layin ruwa, ya kasance kusa da tsakiyar jirgi don kada ya nutse idan jirgin ya karkata, a ɗaure shi gam, kuma kada ya yi lanƙwasar da ruwa zai kwanta a ciki ya toshe wa iska hanya. Ina ganin wanda jirginsa ya dace da wannan tsari bai kamata ya nemi wanda ya fi shi ba. Ba famfo a ciki, ba mahaɗa, ba ruwansa da inji. Duk mahaɗar da aka ƙara a ƙasan layin ruwa sabuwar ƙofa ce.

Ga jirgi mai gudu, ko wanda bushinsa ke tare ruwa, dole a turo ruwan da ƙarfi, kuma daga inji ake samo shi. Yawancin injinan jirgi suna da zagayen ruwa biyu. Akwai na ciki, rufaffe, mai maganin sanyaya inji irin na lagireton mota. Akwai na waje, wanda ke jawo ruwan teku ta bawul a ƙasan jirgi, ya bi ta matata, famfo mai fukafukan roba ya tura shi cikin na'urar da ke karɓe zafin zagayen ciki, daga nan a fesa shi cikin bututun hayaƙi ya fita tare da hayaƙin. Daga zagayen waje ake ɗiba, bayan famfo, inda ruwan ke da matsi. Kada matsin ya yi yawa har ya buɗe fuskokin, kada kuma a ɗibi abin da zai rage wa bututun hayaƙi rabonsa, domin shi ma roba ne, ruwan ne ke hana shi ƙonewa.

Akwai tarko a nan wanda ya cancanci a tsaya a kansa. A jiragen da injinsu ke zaune ƙasa da layin ruwa, ana ɗaga tiyon zagayen waje ya yi baka sama da layin kafin ya sauko ga bututun hayaƙi, a sa ɗan bawul a ƙoƙon bakan da ke shigar da iska idan inji ya mutu. Amfaninsa shi ne hana abin da makaniki ke yi da gangan idan yana zuƙo fetur daga tanki da tiyo: da zarar ruwa ya fara bi, ba ya tsayawa. To idan mai gyara ya haɗa tiyon matoshi a bayan wannan baka, tsakaninsa da bututun hayaƙi, ya buɗe wa teku hanyar da ta kauce wa kariyar baki ɗaya. Inji na mutuwa, ruwa zai juyo ta matoshin, ya bi tiyon a baibai, ya cika tukunyar salansa, ya hau har cikin silinda. Ruwa ba ya matsuwa. Ranar da aka murɗa makulli, fistin zai daki ruwan, sandarsa ta lanƙwashe. Tiyon da bai fi kaurin yatsa ba ya kashe injin da ya fi komai tsada a jirgin. Wurin haɗawa shi ne gabanin bakan, inda ruwan da ya juyo ba zai iya hawa ya tsallake ba.

Jirgi mai inji biyu yana da nasa tarkon. Idan ana tafiya da inji ɗaya, farfelar ɗayan tana ci gaba da juyawa saboda ruwan da ke bugunta, alhali injin da ke shayar da matoshinta a kashe yake. Don haka ake haɗa matosan biyu da tiyo na tsakani, kowane inji ya iya shayar da duka biyun. Haka nan idan ana jan jirgi da gudu injinsa a mace, ya kamata a ɗaure sandar kada ta juya.

A koguna masu laka da yashi kuwa, ruwan da aka turo daga inji yana da ƙarin amfani. Ya riga ya bi ta matata, kuma yana gudana ne daga ciki zuwa waje, don haka yana rage tarkacen da zai taru a bayan fuskokin da cikin bushi.

Lissafin rami

Dalilin da ya sa nake cewa a ɗauki wannan tiyo a matsayin ɓangaren jikin jirgi lissafi ne da kowa zai iya yi. Ruwan da ke shigowa ta rami a zurfin rabin mita yana gudun kusan mita uku a daƙiƙa. Idan tiyo mai faɗin milimita 10 ya zame daga bakinsa a wannan zurfi, abin da zai shigo ya kai kimanin lita 9 a minti. A awa ɗaya ya haura lita 500, fiye da duro biyu da rabi. A dare ɗaya na awa goma, tan biyar ne na ruwa a cikin jirgin da ke ɗaure a tasha ba kowa a ciki, famfon kwashewa yana aiki har batir ya ƙare.

Idan kuma zafi ko tsufa ya yaga robar zugazugin, ramin ya zama duk tazarar da ke tsakanin sanda da bututu. Ga sanda mai milimita 30 cikin bututu mai milimita 50, idan babu bushin da ya rage hanyar, ruwan zai iya kaiwa lita 140 a minti. Ƙananan famfunan da ake sa wa irin waɗannan jirage ba su cika iya wannan ba. Tsohon matoshi ma yana da guntun tiyo mai kauri da ke haɗa shi da bututu, shi ma yana tsufa, amma igiyarsa ba ta sakin ruwa gaba ɗaya a lokaci guda.

Saboda haka tiyon ruwan sanyi ya zama mai ƙarfi, irin wanda aka yi don ƙasan layin ruwa, ba farar robar da ke taurarewa ta tsage ba. A ɗaure shi da maɗauran ƙarfe marar tsatsa. A tallafe shi yadda nauyinsa ba zai ja zoben kabon gefe ba, a kuma bar masa saki kaɗan saboda inji yana motsi a kan mazauninsa. Mahaɗar da aka sa a inji ta zama ta ƙarfen da ke jure ruwan gishiri. Kuma a riƙa cire ƙarshen tiyon lokaci-lokaci, inji na aiki, a ga ruwa na fitowa, domin gishiri da tsatsa da ɓaraguzan fukafukan famfo suna toshe ƙaramin baki ba tare da wata alama ba. PYI da kansa yana cewa a canza robar zugazugin duk shekara shida ko da ba ta nuna komai ba, kuma kada a sake amfani da ƙananan kusoshin da ke riƙe zoben ƙarfe bayan an kwance su.

Abin da masu kare shi za su ce

Za a ce jirage masu ɗimbin yawa suna yawo da wannan matoshi shekara da shekaru ba abin da ya same su, kuma gindin jirgi busasshe shi kansa kariya ne, tunda duk ruwan da aka gani a ciki an san sabon yoyo ne daga wani wuri. Wannan gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi. A jirgin da ke ɗiga kullum, ƙaramin yoyo na dabam yakan ɓuya cikin ruwan da aka saba gani. Ban ce a guji sabon matoshi ba. Ga jirgi mai gudu wanda ake kula da shi bisa jadawali, shi ne zaɓin da ya fi.

Inda na saɓa da masu tallarsa shi ne a kan abin da mai saye yake tsammanin ya saya. Da yawa suna sauya matoshi ne don sun gaji da leƙa wurin. Amma tsohon yana tuna wa mai shi da kansa, sabon kuwa shiru yake yi har ranar da zai bari. Kulawar da a da ɗigo ke tilastawa, yanzu sai mutum ya tilasta wa kansa: ya rubuta shekarar da aka sa robar, ya fitar da iska bayan kowace saukarwa, ya sa hannu ya ji ɗumin matoshin bayan rabin awa da tashi, ya gwada tiyon. Wanda ya san halinsa, ya san ba zai yi waɗannan ba, ko jirginsa yana aiki a inda babu wurin ɗaga shi tudu kuma kayan gyara sai an yi odarsu daga wata nahiya, ya fi masa alheri ya zauna da igiyarsa. Akwai igiyoyin zamani da aka haɗa da girafayit da Teflon waɗanda ɗigarsu kaɗan ce ƙwarai, kuma gwani yana iya canza su jirgi na kan ruwa. Canza robar zugazugi kuwa sai an raba sandar da inji, yawanci sai an fitar da jirgin.

Ga mai sayen jirgin hannu, ko jami'in da aka ba shi amanar karɓar sabon jirgi a madadin hukumarsa, gwajin bai wuce minti biyar ba. Ya ɗaga murfin da ke bayan inji, ya nemo matoshin, ya sa yatsa a kan ɗan tiyon da ke fitowa daga jikinsa, ya bi shi har ƙarshe. Idan ya tarar an toshe bakin a jirgi mai gudu, ko tiyon ya ƙare a ƙasan layin ruwa, ko an haɗa shi bayan bakan da ke hana zuƙowa, to kada ya sa hannu a takarda sai an gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan gyara na kuɗi kaɗan ne muddin jirgin yana ɗaure a bakin tasha.